Abin da Dutsen Guga Ya Tona

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, ita kuma mutuniyar wani ƙauye ce can arewacin Katsina, inda mace ta gwammace ta taka garwashi da ta ambaci sunan ɗanta na fari. Aure ne ya kawo ta Makera, nan kudancin Kaduna. Ta baro kusan komai nata a ƙauye, amma kunyar nan sai da ta ƙunso ta ta taho da ita. Ƙannena uku kowa da sunansa a bakinta, autanmu har da na shagwaɓa. Ni kuwa "ke". In ranta na da daɗi, "ke yarinyar nan". In na yi laifi tana ba Baba labari, "waccan".

Yau na san al'ada ce, na kuma san ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Amma je ka faɗa wa yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya mai zuciya irin tawa. Gidan haya muke, ɗakuna takwas suna kallon juna, kowa da inda ya fito. Matar ɗakin da ke kallon namu, in 'yarta ta fari ta dawo daga makaranta, tun daga bakin ƙofa take rangaɗa mata kira, ta rungume ta, ta duba mata littattafai, har 'yar rawa take yi mata in ta ci jarrabawa. Ni in na shigo da sallama, Inna ta amsa tana kallon tukunya. Sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa matar nan ba ta sona, ban kuma iya faɗa wa kowa ba. Ba wani babban abu nake nema ba. So nake sau ɗaya tak sunana ya fito daga wajenta.

Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da masaƙar ta rufe bai zauna jiran kowa ba, ya buɗe shagon wanki da guga a ɗakin da ke bakin zauren gidanmu. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka da dutsen gawayi yake aiki, wani ƙato mai nauyi, da ɗan zakaran ƙarfe a kan murfinsa wanda ake murɗawa a kulle shi. In wutar ta fara sanyi sai ya fita waje ya riƙa lilo da shi har garwashin ya yi ja. A kan tagar shagon kullum akwai kwano da lemun tsami a ciki. Da shi da gishiri yake fitar da tsatsa daga fararen kaya, kuma ko guda ɗaya ya ɓata sai ya gane.

Cikin masu kawo masa wanki akwai wata mata da muke ce wa Madam, malamar firamare a Sabon Tasha, mutuniyar wajen Kagoro. Mijinta abokin aikin Baba ne a masaƙa, shi ya sa duk Asabar take hawa bas da ƙullin kayanta har Makera, alhali ga masu wanki nan birjik a unguwarsu. Doguwa ce, mai dariya da dukan jikinta. In ta ajiye kaya sai ta zarce cikin gida ta gaida Inna, kuma ba ta da wata gaisuwa sai ta haɗa da sunana: "Maman wance! Ina gajiya?" Haka ake yi a wajensu, girmamawa ce. Inna sai ta sunkuyar da kai, ta yi ta gyara tabarmar da ba ta karkace ba, can ta ce, "Sannu da zuwa, Madam." Ni kuma ina gefe ina ƙara cika, ina cewa wato ko a bakin wani ma ba ta son jin sunan.

A cikin ƙullin Madam littafin ya zo. Baba ba ya jiƙa kaya sai ya lalube aljihu ya zazzage ƙulli, ran nan sai ga shi ya faɗo daga tsakanin zannuwan gado. Littafin yara ne na Turanci, gwanjo, bangonsa ya tafi, wani yaro can a wata ƙasa ya yi wa mutanen cikin hotunan gashin baki da biro. Baba ya sa shi a leda ya rataye a ƙusa, ya ce kada wanda ya taɓa kayan mutane. Mako guda ina zagaya ledar nan ina haɗiyar yawu. Da Madam ta dawo ya miƙa mata, ta kalli littafin ta kalle ni, ta ce, "Ayya, Malam, yarana sun gama da shi tuntuni. Ba ta kawai, ka ga idonta zai faɗo."

Na buɗe ban gane kansa ba, sai da ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayani. Labarin 'yan leƙen asiri ne na lokacin babban yaƙin duniya, in ji ta, kuma ba tatsuniya ba ce, duk abin da ke ciki ya faru. Wannan maganar ce ta kama ni. Na saba da tatsuniya, inda mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙarya ake shararawa. Amma nan ga hoton wata tsohuwa tana saƙa a bakin taga, ashe jiragen ƙasan sojoji take lura da su, tana ɓoye saƙon a ƙulle-ƙullen zarenta. Ga takalmin da aka rarake dunduniyarsa aka cusa takarda. Ga taswira a jikin hankici. Ga tantabara da ɗan mitsitsin gwangwani ɗaure a ƙafa, tana kai wasiƙa ta saman abokan gaba. Turancina na aji biyar ne, da yatsa nake bin layi, kalmar da ta gagare ni in tsallake ta in nemi taimakon hoto. Duk da haka kafin wata ya ƙare na haddace shi fiye da littafin lissafina.

Ba a jima ba unguwa ta fara jin jiki. Na kama tantabarar mai shagon kusa da mu na ɗaura mata wasiƙa da zare, na ce ta kai wa ƙawata a Unguwar Mu'azu. Ta tashi fir, ta sauka a kan kwanon gidanmu, ta wuni a nan tana tsattsagar zaren, mai ita kuma ya zo har zaure yana faɗa. Na ɗauki wuƙar Inna na fara rarake dunduniyar takalmin Juma'ar Baba, na sha rankwashi biyu masu kyau. Ban daddara ba.

Duk wannan share fage ne. Abin da na fahimta daga littafin shi ne, duk abin da mutum ya ɓoye, mai ido da haƙuri zai iya tono shi. Ni kuwa ina da abin tonowa a cikin ɗakinmu. Na ƙudura zan yi wa Inna leƙen asiri, in gano ko tana sona ko ba ta sona, kowa ya huta.

Ranar da aka ba mu sakamakon jarrabawa na zo ta ɗaya. Na ajiye takardar inda kowa zai gani, na lallaɓa na maƙale a bayan duron ruwa kusa da madafa, inda matan gidan ke zama suna gyaran alayyafo. Matar ɗakin da ke kallon namu ta ce, "Ashe 'yarki ce ta ɗaya! Kai, kin haifi 'ya." Na riƙe numfashi. Inna ta ce, "Haka na ji ana faɗa." Sai ta ɗora da cewa tumatur ya yi tsada a kasuwar Kakuri. Tumatur! Ina tsugune cinnaku suna cizona a ƙafa, ba damar in motsa, ita kuma tumatur ne ya dame ta. Na yi kukana a bayan duro ba sauti, yadda na tabbata gwanayen cikin littafin suke yi.

Wata rana da azahar na shige ƙarƙashin gadonta, don in ji abin da za ta ce wa Baba a kaina in ya shigo cin abinci. Wurin da sanyi, ga ɗan duhu, barci ya kwashe ni. Ashe an yi ta nemana har bakin titi. Tsintsiya ce ta tashe ni wajen la'asar. Na fito da yanar gizo-gizo a ka, na tarar da Inna tsaye, hijabinta a baibai, ƙafarta ba takalmi, duk ta yi buɗu-buɗu. Ta dube ni ta ce, "Ke, je ki wanke fuskarki." Ni da nake taƙama da ido, na ga ƙafar nan da hijabin nan sarai, amma abin da na riƙe kawai shi ne ko a ranar ma "ke" ta ce.

Har nama na sa wa ido. In ta raba abinci, na ƙannena yana sama ɓaro-ɓaro, nawa kuwa sai na yi tono nake samunsa a ƙarƙashin shinkafa. Na ce yauwa, ga shaida, ɓoye shi take don kada a ga ƙanƙantarsa. Ban taɓa tunanin in gwada shi da nasu ba.

Shafin da ya fi burge ni shi ne na tawadar da ba a gani. Ka matse lemun tsami, ka tsoma tsinke ka yi rubutu, ka bari ya bushe. Takarda ta koma fara fes. Wanda aka aika wa sai ya kai ta kusa da zafi, rubutun ya fito. Lemun tsami da zafi! Duk Kaduna ba gidan da ya fi namu waɗannan biyun. Na jira Baba ya tafi sallar azahar, na ɗauke lemu ɗaya daga kwanon taga, na karyo tsinken tsintsiya, na rubuta sunana a bayan tsohuwar kalanda. Da ya bushe na ɗora dutsen gugan da ya bari a jingine. Wallahi har yau ina jin abin da na ji a lokacin. Haruffan suka taso a hankali, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar wani ne ke rubuta su daga ciki. Na yi tsalle har na buge kaina da sandar rataye kaya.

Bayan wata biyu ina bincike na ga lokacin rubuta rahoto ya yi, tunda kowane ɗan leƙen asiri da rahoto yake ƙarewa. Wa zan aika wa? Oho, ban kai nan a tunani ba. Littafin dai ya nuna gwanaye ba sa yarda da takarda, don ita ake fara cajewa, a kan ƙyalle suke rubutu. Baba yana da wasu fararen ƙyallaye da yake shimfiɗawa a kan kaya masu gudun zafi kafin ya ɗora dutse. Ranar Juma'a yana masallaci na ga wani fari a kan igiyar shanya, na ce ɗaya daga cikinsu ne, ba zai lura da ɓatansa ba. Na sauke shi, na shimfiɗa a kan teburin guga, na rubuta abin da ke raina da manyan baƙaƙe. Na mai da shi kan igiya ya sha iska, da niyyar in ya bushe in ɓoye shi a ƙarƙashin tabarmata. Sai Inna ta aike ni niƙa. Layi ya yi tsawo, kafin in dawo Baba ya kwashe shanya kaf ya kulle shago. Na ce ba komai, gobe zan zare shi.

Kashegari Asabar. Madam ta yi sammako, tana zaune a bencin shago tana shan kunun da Inna ta aiko mata, tana jiran abu na ƙarshe, farin kallabin ƙungiyar matan cocinsu da za ta ɗaura ranar Lahadi. Ni kuma ina tsaye da littafina, na zo tambayarta ma'anar wata kalma. Baba ya jawo kallabin ya shimfiɗa. Ina ganinsa na gane shi ne ƙyallen jiya. Kafin in buɗe baki ya ɗora dutse, ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu. Sai ya yi baya da sauri har ya ture kwanon lemu.

"A'uzu billahi! Innalillahi!"

"Malam, lafiya? Ka ƙone ne?" in ji Madam.

"Rubutu ne ke fitowa! Ni na wanke kallabin nan da hannuna, babu komai a jikinsa!"

Ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya yana kiran Inna. "Kina ina ne? Zo ki ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sana'ar nan." Yana magana yana tofa addu'a a tafin hannu. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Madam ta ɗauki kallabin da yatsa biyu, ta sansana shi, ta dubi lemun da ke gangarawa a ƙasa, ta dubi littafin da ke hannuna. Sai ta fashe da dariya har kunu ya sarƙe ta. "Malam, ba aljani ba ne. Ga aljanar nan tsaye da littafi." Ta yi wa Baba bayanin lemun tsami da zafi tana share hawaye, shi kuma ya saki baki yana kallona, ya rasa ko faɗa zai yi ko dariya. Daga nan ta ɗaga kallabin wajen haske, ta gyara murya irin ta malamai, ta fara karantawa da ƙarfi kafin idonta ya kai ƙarshen layin.

"Na gama bincike. Inna ba ta sona. Ko sunana ba ta sani ba."

Dariyar ta tsaya cak. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana kallon rubutun nan. Ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Wakena zai ƙone," ta juya ta shige. Mu kuwa ranar ba wake aka ɗora ba.

Na zaci Baba zai zane ni, amma bai yi ba. Ya tsoma kallabin a ruwan bilic, ya zaunar da ni a benci, ya ce, "Kin san yayana na Funtuwa. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Uwarmu har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, amma in ya yi zazzaɓi ita ma sai ta kwanta. Kunya ce, haka aka tashe su. Ita ma innarki 'yar fari ce, ki tambaya ki ji ko an taɓa kiran nata."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni da bakina. Na ce, "To ni ina ruwana da ƙauye? A Kaduna aka haife ni."

Rankwashin da na sha ya fi na takalmi. Madam ta ce, "Malam, bar ta haka, laifin littafina ne." Ta miƙe ta shiga wajen Inna, ta sauke labule, suka daɗe. Ranar ba kallabi ta tafi, na aro ta ɗaura a coci. Rubutun kuma bai taɓa fita gaba ɗaya ba, sai dai ta riƙa naɗe wajen a ciki, tana cewa duk cocinsu ita kaɗai ke yawo da asiri a ka.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Da Inna ta zage ni ko ta dake ni da na samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana ba ni abinci, tana yi mini kitso, tana aike na, duk da "ke" ɗinta kamar kullum, sai dai hannunta in tana kitson ya fi da sanyi. Na ji kunya, na ji haushi, kuma maganar Baba ba ta gamsar da ni ba. Na cusa littafin can ƙasan akwati na ce na yi murabus.

Ashe a lokacin ne ya kamata in buɗe ido. Duk Asabar Madam ta zo, sai ta shige ɗakin Inna a sauke labule, ni kuma a aike ni sayen daddawa, wai lallai sai ta wata tsohuwa da ke can bayan layin dogo, alhali ga mai daddawa a ƙofar gidanmu. Baba ya fara ƙorafin lemunsa na raguwa, yana magana yana harara ta, ina rantsuwa ba ni ba ce. Sau biyu na shiga madafa na tarar da Inna a tsugune da guntun gawayi a hannu, tana ganina ta murje ƙasa da ƙafa. Babbar 'yar leƙen asirin Makera ta haɗa waɗannan duka, ta gano cewa shiri ake a mai da ita ƙauye wajen kakarta saboda rashin kunya. Har na fara yi wa ƙawayena sallama, na raba wa ƙannena 'yan kayan wasana.

Al'adar gidanmu, ranar Lahadi da yamma in Baba ya gama aiki, sai ya bar mini dutsen da sauran wutarsa in goge kayan makarantata. Wata Lahadi, kusan wata biyu bayan abin kallabi, na shimfiɗa bargo a tsakar gida ina guga. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta ba ni baya, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke, ga wani ƙyalle nan a bakin tabarma, ya yamutse. Haɗa da shi."

Farin ƙyalle ne, an yanko shi daga tsohuwar rigar matashi, an bi gefensa da ɗinkin hannu. Na ja tsaki a ciki, na ce mutum na fama da nasa ana ƙara masa da tsumma. Na shimfiɗa shi da ƙarfi, na ɗora dutse na ja.

Sai warin lemun tsami ya bugi hancina.

Na ɗaga dutsen. Wani layi ruwan ƙasa-ƙasa ya fara tasowa. Na sake ja a hankali. Harafin farko ya fito, ƙato, a karkace. Na biyu ya juya baya yana kallon inda bai kamata ba. Na ƙarshe an matse shi a bakin ɗinki don wuri ya ƙare. Sunana ne. Na matsa da dutsen ƙasa, sai ga shi kuma, wannan karon ya ɗan fi daidaita. Na ƙara matsawa, ga na uku. Sau uku ta rubuta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, yadda manya ke kiran yaro sau uku in suna so maganar ta shiga.

Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Nan take na gane daddawar bayan layin dogo, da gawayin madafa, da lemun Baba. Wata biyu tana shirya abinta a gabana, da ni da littafina ba mu gano komai ba. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba, duk a lokaci ɗaya. Hawaye ya ɗiga a kan dutsen ya yi cuu. Godiya ba ta dace ba, ban haƙuri ma bai dace ba. Sai na yi abin da ake yi in an kira mutum.

Na ce, "Na'am, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta juyo ba, amma daga inda nake ina hango gefen kumatunta ya ɗaga.

"Wa ya kira ki?" in ji ta. "Ni ban kira kowa ba. In kin gama ki zubar da garwashin nan, kada ƙannenki su taka."

Da aka raba abinci ran nan na yi tonona a ƙarƙashin shinkafa, na ciro naman, na ɗora shi kusa da na ƙanena na gwada. Nawa ya kusa biyun nasa.

Yanzu ina aure a Narayi, ina koyarwa a wata firamare, da 'ya'yana uku. 'Yar farina sunanta ba ya hutawa a bakina, har maƙwabta sun gaji da ji. Littafin yana ajina, na yi masa bango da kwali, kuma duk shekara sai iyaye sun zo ƙorafin lemun tsaminsu na ɓacewa. Madam ta yi ritaya, muna gaisawa, har yau in ta gan ni sai ta taɓa kallabinta. Ƙyallen kuwa yana ƙasan akwatina a cikin leda, rubutun ya ɗan dushe amma yana karantuwa.

Inna ta tsufa, tana nan Makera, kuma ba ta canza ba. In na je, jikokinta kowa da sunansa, ni "ke". Amma ban taɓa dawowa daga wajenta na buɗe jakata ban tarar da lemun tsami guda uku a ƙasan kaya ba, kuma har yau ban taɓa kama ta tana sakawa ba, duk da ina sa ido. Ina ganinsu sai in ɗauki waya in kira ta. In ta ɗaga, ba na ma yin sallama.

"Na'am, Inna."

"Wa ya kira ki?" sai ta ce. "Ke kika kira ni. Kashe wayar nan, kina ƙona katinki a banza."

Amma ba ta taɓa riga ni kashewa ba.